Yadda Ake Gane Karɓau da Cikamako a Jimlar Turanci

Duk wanda ya zauna jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ya san tambayar nan da ke zuwa a ƙarƙashin labarin auna fahimta. A ciro wani yanki daga cikin labarin, a ce ka faɗi sunansa a nahawu, sannan ka faɗi aikin da yake yi a jimlar. Sunan da sauƙi-sauƙi. A wajen faɗin aikin ne ɗalibai ke zubar da maki, musamman idan yankin ya zo bayan aikatau, wato verb. Nan za ka ga an rubuta object inda ya kamata a rubuta complement, don an ɗauka duk abin da ya biyo bayan aikatau abu ɗaya ne.

A nahawun Hausa object shi ne karɓau, complement shi ne cikamako, subject kuwa aikau, kuma da waɗannan sunaye zan ci gaba. Bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu ɗaya ne tal, sauran dabarun duk hanyoyin tabbatar da shi ne. Karɓau wani ne na daban da aiki ya faɗa kansa ko ya isa gare shi. Cikamako kuwa bayani ne a kan wanda aka riga aka ambata a jimlar, ya faɗi ko shi wane ne, ko ya faɗi halin da yake ciki. Ka tanadi fensir da takarda, wannan aiki ba ya yiwuwa da ido kawai.

Mataki na ɗaya: kama aikatau gaba ɗayansa

Kafin ka nemi abin da ya biyo bayan aikatau, sai ka san inda shi aikatau ɗin ya ƙare. A Turanci yakan zo da mataimaka irin su is, was, have, had, will, can, must.

The students have been writing letters since morning.

Aikatau a nan kalma uku ne, "have been writing". Ja layi a ƙarƙashinsu duka. Wanda ya tsaya a "have" ya riga ya ɓata tun ba a je ko'ina ba. Daga nan ka tambaya, su wa ke rubutun? "The students". Ka sami aikau ke nan, ka zagaye shi.

Mataki na biyu: kwashe bayanau gefe

Duk abin da ya amsa tambayar yaushe, ina, yaya, don me, ko sau nawa, bayanau ne, ba ruwanka da shi a wannan bincike. A jimlar sama "since morning" ya amsa yaushe, sai ka soke shi, a bar ka da "letters" kaɗai.

Wanda ke ruɗa mutane shi ne bayanau mai kama da suna, wanda ba wata ƙaramar kalma a gabansa:

The baby slept all night.
My uncle came home last week.

Jariri bai yi wa dare komai ba, tsawon barcinsa ake faɗa mana. "Home" ya amsa ina, "last week" ya amsa yaushe. Da ka soke su, ba abin da ya rage bayan aikatau. Irin waɗannan su ne aikatau ƙi-karɓau, kamar sleep, come, go, arrive, die, fall. Idan ka ci karo da haka, bincike ya ƙare, jimlar ba ta da karɓau ba ta da cikamako.

Mataki na uku: tambayi aikatau "me?" ko "wa?"

The Gowon government created twelve states in 1967.

Gwamnatin ta ƙirƙiro me? Jihohi goma sha biyu. To "twelve states" karɓau ne. A nan yawancin bayanin aji yake tsayawa, kuma a ganina daga nan duk rikicin ya samo asali, domin cikamako ma yana amsa wannan tambaya.

Abuja became the capital of Nigeria in 1991.

Abuja ta zama me? Babban birnin Nijeriya. Tambaya ta sami amsa, amma amsar ba karɓau ba ce. Saboda haka tambayar "me" nuna maka wanda za ka bincika kawai take yi, hukunci sai a mataki na gaba.

Mataki na huɗu: gwajin "ne" da "ce"

A nan mai jin Hausa ya yi sa'a, don yana da ma'auni a bakinsa tun yana yaro. Ɗauki aikau, ɗauki abin da ka samu bayan aikatau, ajiye aikatau ɗin gefe, ka haɗa su biyun da "ne" ko "ce". Idan magana ta zauna, cikamako ne. Idan ta zama shirme, karɓau ne.

"Abuja ce babban birnin Nijeriya." Ta zauna daram, cikamako. "Gwamnatin Gowon jihohi goma sha biyu ce." Shirme, karɓau.

Ga wasu biyu masu ba da labari ɗaya da gini daban:

Niger gained independence in 1960.
Niger became independent in 1960.

A ta farko, Nijar ba ita ce 'yanci ba, abu ne da ta samu, don haka "independence" karɓau ne. A ta biyu, "Nijar 'yantacciya ce", don haka "independent" cikamako ne. Ka lura kuma "independent" sifa ce, kuma sifa ita kaɗai ba ta zama karɓau. Sai fa in an sa mata "the" ta koma tana nufin jinsin mutane, kamar "He helps the poor", inda "the poor" yake nufin talakawa, kuma su ne karɓau.

Aikatan da ke jawo cikamako ana kiran su linking verbs, aikinsu kamar na alamar daidai ne a lissafi, abin da ke hagu shi ne ke dama. Ubansu shi ne be da dukkan sigoginsa, wato am, is, are, was, were, been, being. Sai seem, appear, become, remain, stay, prove, sai na gaɓoɓin ji, look, sound, smell, taste, feel, sai masu nuna sauyin hali, grow, turn, get, go. Ana yawan ba ɗalibai wannan jeri a ce su haddace. Haddar ba laifi, amma kada ka dogara da ita, domin da yawansu baki biyu gare su:

The farmer grows millet.
The farmer grew rich.

Manomi gero ne? A'a, gero karɓau. Manomi mai arziki ne? E, "rich" cikamako. Haka nan:

Mother tasted the soup.
The soup tasted salty.

The driver turned the key.
The leaves turned yellow.

He got a job.
He got angry.

A kowane biyu, ta sama karɓau ce da ita, ta ƙasa cikamako. Idan ka fi so ka yi gwajin da Turanci, cire aikatau ka sa "is" ko "was" a gurbinsa. "The soup was salty" ta yi ma'ana, "Mother was the soup" kuwa sai dariya.

Wurare biyu ne gwajin ke neman a yi hattara. Na farko shi ne resemble. "The boy resembles his father." Sai ka ji kamar "his father" bayani ne a kan yaron, amma kama da wane ba ta wane, yaro daban uba daban, don haka karɓau ne. Na biyu shi ne myself, himself, themselves da 'yan'uwansu. A "The carpenter hurt himself", kafinta da "himself" mutum ɗaya ne, amma ba ana faɗa mana ko shi wane ne ba, aiki ne ya koma kan mai shi, ya ji wa kansa ciwo. Wannan ma karɓau ne.

Sanin wannan yana da wani amfani a tambayoyin zaɓi irin na JAMB. Bayan aikatau mai jawo cikamako, sifa ake sawa, ba bayanau mai ƙarewa da -ly ba. "The mango tastes sweet" ake cewa, ba "sweetly" ba. "He looked angry" na nufin an ga alamar fushi a fuskarsa. "He looked angrily at the boy" kuwa na nufin ya dubi yaron cikin fushi, a nan duban aiki ne da ya yi da idonsa, shi ya sa bayanau ya shigo.

Mataki na biyar: juya jimlar

Idan har yanzu kana kokwanto, mai da jimlar zuwa sigar da ake kira passive, wato ka kawo abin da kake bincike gaba ya zama shi ke jan jimla. Karɓau yana yarda da wannan juyi: "Twelve states were created in 1967." Cikamako ba ya yarda. Ba mai cewa "The capital of Nigeria was become by Abuja."

Sai dai gwajin nan ɓangare ɗaya yake ci. In jimla ta juyu, ka sami karɓau. In ta ƙi juyuwa, ba lallai cikamako ne ba, domin akwai aikatau irin su have, lack, resemble da suit da ke ɗaukar karɓau amma ba su juyuwa. "She has a shop" ba ta komawa "A shop is had by her", kuma duk da haka "a shop" karɓau ne, tunda matar ba shago ba ce.

Mataki na shida: idan abu biyu suka biyo bayan aikatau

Nan ne aikin yake da daɗi, kuma nan aka fi faɗuwa. Bayan ka soke bayanau, wani lokaci sai ka ga saura abu biyu a jere. Ɗayan biyu ne: ko dai karɓau biyu ne, ko karɓau ɗaya da cikamakonsa.

My father bought me a bicycle.

Me aka saya? Keke. Shi ne karɓau na kai-tsaye, direct object. Wa aka saya wa? Ni. Shi ne karɓau na kaikaice, indirect object, wanda aka yi abin dominsa ko aka miƙa masa. Faɗi jimlar da Hausa ka ji: "Babana ya saya mini keke." Da zarar mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu ko "wa" ya fito, karɓau na kaikaice ke nan, kuma jerin iri ɗaya ne a harsunan biyu, mutum a gaba, abu a baya. Kada dai aikatau "ba" na bayarwa ya ruɗe ka, don shi ba ya ɗaukar "wa" ɗin a gaban wakilin suna, "ya ba ni littafi" muke cewa, amma "He gave me a book" ginin ɗaya ne da na keken.

Da Turanci, gwajinsa shi ne ka mai da mutumin baya ka sa masa "to" ko "for": "My father bought a bicycle for me." Give, send, lend, show, tell, teach, offer da pay suna tafiya da "to". Buy, cook, make, find da get suna tafiya da "for".

Yanzu dubi wannan:

Nigerians elected Shehu Shagari president in 1979.

Nan ma abu biyu ne bayan aikatau. Koma gwajin "ne", amma wannan karon tsakanin su biyun za ka yi shi, ka bar aikau ya huta. "Shehu Shagari shugaban ƙasa ne." Ta zauna. To "Shehu Shagari" karɓau ne, "president" kuma cikamakon karɓau, object complement. Gwada a jimlar keken: "Ni keke ne." Ba ta yi ba, karɓau biyu ne.

Aikatau ɗaya yana iya yin duka biyun:

His wife made him tea.
The coach made him captain.

Matarsa ta dafa masa shayi, "masa" ya fito, karɓau biyu. Mai horarwa ya naɗa shi kyaftin, shi kyaftin ne, cikamako. Aikatan da suka saba jawo cikamakon karɓau su ne make, call, name, elect, appoint, declare, consider, find, keep, leave, paint. Cikamakon yana iya zama suna, kamar "We named the baby Amina", yana iya zama sifa, kamar "They painted the mosque white" ko "The news made the traders angry".

Akwai jimlolin da su kansu Turawa sai sun duba abin da ya gabata kafin su san inda aka dosa. "They found him a good lawyer" tana iya nufin sun samo masa lauya nagari, tana iya nufin sun same shi lauya ne nagari. A jarrabawa labarin da aka ciro jimlar daga ciki shi zai raba gardama, shi ya sa ake ƙara "as it is used in the passage" a tambayar. Koma ka karanta jimlar da ke gabanta da wadda ke bayanta.

Wani abu kuma, idan aka juya irin waɗannan jimloli, abin da ya rage a baya yana nan a matsayinsa. A "Shehu Shagari was elected president", "president" cikamako ne har yanzu, sai dai ya koma na aikau. A "I was given a book", "a book" karɓau ne har yanzu.

Mataki na bakwai: kula da 'yan ƙananan kalmomi

To, for, at, in, on, with, about, off da ire-irensu, waɗanda ake kira preposition, su ma suna da nasu karɓau. A "She listened to the radio", "the radio" na "to" ne, ba na "listened" ba, amsarsa ita ce object of the preposition "to". A "He gave the book to Musa" littattafan nahawu sun rabu, wasu na kiran Musa karɓau na kaikaice saboda ma'ana, wasu na cewa tunda "to" ya shiga tsakani ya zama nasa. Ni na fi karkata ga na biyun, don gini ake tambaya, kuma shi ne wanda za ka iya nunawa da yatsa a kan takarda. Haka suka rabu a kan "He is in the market" da "She put the money in her bag", inda yankin ƙarshe ya amsa ina, amma in ka soke shi jimlar ta rushe. Wasu na cewa bayanau na dole, wasu na cewa adverbial complement. Bi abin da littafin makarantarku ya zaɓa.

Wani lokaci kuma ƙaramar kalmar ɓangaren aikatau ce:

He switched off the generator.
He jumped off the lorry.

Gwada mai da "off" baya. "He switched the generator off" daidai ce, don haka aikatau shi ne "switched off", janareta kuma karɓaunsa. "He jumped the lorry off" ba Turanci ba ne, don haka "the lorry" na "off" ne.

Daga nan ne wasu kurakurai da suka zama ruwan dare suke fitowa. Discuss, request, emphasise da comprise suna ɗaukar karɓau kai-tsaye, amma sai ka ji "discuss about the matter" ko "request for money" alhali "discuss the matter" da "request money" ne daidai. Reply da listen kuwa suna buƙatar "to", "reply to my letter". Akwai kuma waɗanda Hausarmu ce ke jawo su. Muna cewa "yi mini bayani", sai yaro ya ce "explain me", alhali explain ba ya ɗaukar karɓau na kaikaice, sai dai "explain it to me". Muna cewa "ara mini bironka", sai ya zama "borrow me your pen", alhali mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa ne ke yin borrow, "lend me your pen".

Mataki na takwas: idan abin ya fi kalma ɗaya tsawo

A jarrabawa ba kasafai ake ciro kalma ɗaya ba, ganga sukutum ake cirowa, wato clause, mai nata aikau da aikatau. Kada tsawonta ya tsorata ka. Dunƙule ta ka sa "something" ko "it" a gurbinta, ka bi matakan nan kamar kullum.

The chairman said that the borehole had been repaired.
The truth is that nobody repaired it.

Ta farko ta koma "The chairman said something", shugaba ya faɗi wani abu, karɓau. Ta biyu ta koma "The truth is something", gaskiyar ita ce abin, cikamako. Duka biyun noun clause ne, aikinsu ne ya bambanta.

Kada kalmar da ta buɗe gangar ta yanke maka hukunci. "Nobody knows where the money went" ta fara da "where", amma ba wurin da aka yi sanin ake faɗa ba, abin da ba a sani ba ne, "Nobody knows it", karɓau. A "They stood where the bus stops" kuwa wurin tsayuwar ne, bayanau.

Kalma mai ƙarewa da -ing tana da fuska uku. A "Binta is reading", ɓangaren aikatau ce. A "Binta enjoys reading", karɓau ce. A "Her hobby is reading", cikamako ce, don abin sha'awarta karatu ne. Haka mai farawa da "to": "He wants to travel" karɓau, "His plan is to travel" cikamako, "He came to greet us" bayanau, don ya amsa don me ya zo.

Idan jimlar tambaya ce ko ta mamaki, miƙe ta tukuna. "What did she buy?" ta koma "She did buy what", ka ga "what" karɓau ne da ya yi tsalle ya zo gaba. "How tall the boy has grown!" ta koma "The boy has grown tall", cikamako.

Yadda za ka rubuta amsar

A ce wannan jimla ce a labarin:

When the rains failed, the villagers realised that the harvest would be poor, and they made the oldest farmer their spokesman.

"When the rains failed" ya amsa yaushe, soke shi. Aikatau na farko "realised", aikau "the villagers". Sun gane me? Cewa amfanin gona ba zai yi kyau ba. Mutanen ƙauyen ba su ne wannan magana ba, kuma "realised it" ta zauna, to karɓau ne. Idan an ciro "that the harvest would be poor", amsarka ita ce: Noun clause. It is the object of the verb "realised".

A cikin gangar kanta, aikatau "would be" ne, "poor" sifa ce da ke bayanin "the harvest", don haka complement of the verb "would be".

Aikatau na ƙarshe "made", abu biyu na biye da shi. Manomin da ya fi kowa shekaru shi ne kakakinsu, magana ta zauna. Idan an ciro "their spokesman", rubuta: Noun phrase. It is the complement of the object "the oldest farmer". Phrase ka ce ba clause ba, don babu aikatau a cikinsa.

Kalmar object ko complement ita kaɗai guntuwar amsa ce. Kullum ka ambaci aikatau ko sunan da abin yake rataye da shi, ka kwafo shi yadda yake a labarin, "realised" ba "realise" ba, "would be" ba "be" kaɗai ba, ka kuma sa shi cikin alamar zance don mai duba takarda ya gan shi nan take.